Shekarar da Na Ɗauki Taɓarya

Da sunan Allah nake buɗe baki, shi ne ya ara mini kwanakin da na kai ga faɗin wannan magana. Ku ɗiyana uku, da jikokin da ke ta ƙaruwa har na fara rikita sunayensu, ba wanda bai san ana ce mini Illa Mai Taɓarya ba. Daga garinmu har kasuwar Tama, in mutum ya ce Illa kurum sai a ce wane Illa, in ya ƙara da taɓarya sai a nuna masa ƙofar gidana. Sunan bai dame ni ba, tun ba a rufe baki ba nake amsawa. Abin da ya dame ni shi ne maganar da ke bin sunan a ɓoye, wadda ashe har yau ba ta mutu ba, don a wurin sunan bara wata tsohuwa ta raɗa ta a kunnen matar babbanku, yarinyar ta yi kwanaki ba ta iya haɗa ido da ni. Wai innarku asiri ta yi mini. Innarku tana kabari, ba ta iya tashi ta kare kanta, ni kuwa bakina bai mutu ba tukuna. To ku zauna ku ji yadda anka yi.

Ku da kunka tashi da injin niƙa a bakin kasuwa ba ku san abin da daka yake nufi ba a wancan zamani. Gidan da ba a ji taɓarya ba, ranar ba a ci ba. Sussuka da surfe da bakace da kirɓin hura, duk a hannun mace suke, namiji ko taɓa turmi ba ya yi sai dai in zai kawar da shi daga hanya. Aikin namiji a ƙasarmu ta Adar sananne ne: damina yana gona, da an ɗaure hatsi an cika rumbu sai ya rataya jaka ya hau kamyo, babbar motar kaya, sai Abijan ko wani birni mai nisa, gari ya rage mata da tsofaffi da awaki. Ni ma haka nake yi, ni da wana Haruna, shayi muke sayarwa a Abijan kowane rani. A shekarar da nake ba ku labari Haruna ya riga ni tafiya, ni na tsaya a yi sunan Auta tukuna. An yi suna lafiya, har na wanke jakata na shanya. Wata safiya innarku ta sunkuya za ta ɗauki tulu, sai na ji ƙarar fashewarsa. Na fito na tarar da ita kwance cikin ruwa da laka, bakinta ya karkace, hannun dama da ƙafar dama sun saki kamar ba nata ba. Idonta kaɗai ke magana, kuma tsoro ne cike da shi.

A sharet, amalanken jaki, munka kai ta garin Buza. Majo, babban ma'aikacin gidan likita, wani dattijo mai furfura, ya auna ta ya ba da magani, sannan ya ja ni gefe.

"Ba ni da allurar da za ta tashe ta yau," in ji shi. "A ba ta abinci a baki, a riƙa juya ta, a murza mata hannu da ƙafa, a zaunar da ita, a yi mata hira. Masu irin wanga ciwo, da yawa ba ciwon ke kashe su ba. Yasar da su ake yi a ƙuryar ɗaki."

Munka dawo gida, tambaya ta tsaya: wa zai yi? Uwata ta rasu, ba ni da ƙanwa a gari, ku biyu manya maza ne kuma ƙanana. Shekarun ne kuma ake aikin jera duwatsu a kan tuddai don tare ruwan sama, ana sallamar mata da hatsi da mai, saboda haka tun da sassafe duk mace mai ƙarfi ta hau tudu da dutse a kai. Kulu ce ta ɗauki nauyinmu da fari. Kun san ta, taubashiyata ce, ɗiyar kawuna, katanga ɗaya ta raba mu, kuma tun muna yara ba ta taɓa faɗa mini magana mai daɗi ba, ni ma ban taɓa raga mata ba. Ta sauko daga tudu ta daka nata ta daka namu, ga ɗiyanta rututu, ga mijinta yana Libiya. Ranar nan da la'asar na shigo na ga ta jingina goshi da taɓarya, a tsaye, tana barci. Tafin hannunta duk ya tsage. Na zare taɓaryar a hankali, ta farka a firgice.

"Kai Illa, mi za ka yi da ita?"

"Kaɗe-kaɗe zan koya, in riƙa bin biki."

"Aje, kar ka ja muna abin faɗa."

Ban aje ba. Sai dai wallahi ban san itacen nan yana da nasa hali ba. Bugun farko na sami bakin turmi, hatsi ya watse, kajin unguwa sunka yi sallah. Na biyu taɓaryar ta yi tsalle ta gaishe ni a haɓa, na ciji harshe. Ina tsaye ina tofar da jini sai na ji wani sauti daga tabarma, na juya da sauri na ɗauka shaƙewa ta yi. Ashe dariya ce. Innarku ce ke dariya da rabin baki, hawaye na bin kuncinta, ita da tun ranar da ta faɗi ba ta ko yi murmushi ba. Daga nan ta zama malamata. Tana jingine da bango, Auta na shan nono a gefen hagu, tana buga mini ƙasa da tafin hannu in bi da taɓarya. In na yi garaje ta harare ni, in na bar tsaki a gari ta ture rariyar da ƙafa. Na koyi surfe, na koyi bakace, na koyi mulmula dawo. Na aza tulu a kai na bi layin mata a rijiya.

Gari ya ɗauka, mana. Ni kuwa na riga na yanke shawara cewa duk wanda ya zo yi mini dariya, zan riga shi. A bakin rijiya Kulu ta ɗaga murya don kowa ya ji.

"Jama'a, a yi karo-karo a biɗo wa Illa zane da kallabi!"

"A biɗo mai kyau," na ce. "Ba irin naki ba da jaki ke gani ya juya."

A ƙofar masallaci wani tsoho mai neman magana ya ce, "Sannu da aiki, uwar gida." Na rusuna na ce, "Yawwa mai gida, yau mi za a dafa maka? Mai laushi dai, na san haƙoran sun yi ci-rani." Sahu duka ya fashe da dariya, har Liman ya rufe baki da gefen rawani. Haka na yi ta yi, ina ganin na gano dabara, tunda mutum ba ya iya muzanta wanda ke taya shi dariya. Innarku kuwa ta fara motsa yatsu, ta fara haɗa kalma biyu uku. Na ce a raina an wuce wurin.

Ban san ranar da dariyar ta tsaya ba. Na dai lura maƙwabta sun bar aiko yara ɗibar wuta a murhunmu. Na kai wa wancan tsohon ƙwaryar hura, aka dawo mini da ita ko ludayi ba a sa ba. Na iso rijiya, mata sunka yi tsit, sunka buɗe mini hanya in ja ruwa in tafi, ba mai tsokanata. Wata ta fizge ɗanta daga ƙofar gidanmu kamar ta ga maciji. Na jefa wasa ya faɗi ƙasa ba wanda ya ɗauka. Ku yarda da ni, zagi bai kai wannan shirun ban tsoro ba. Na tare Kulu a bayan rumbu na ce ta faɗa mini ko in kwana a ƙofarta. A karon farko a rayuwarta ta yi mini magana ba wasa a ciki.

"Cewa ake ba namijin da ke daka da hankalinshi. Wai mallake ka anka yi. Wai jikar Azna ce masu tsafi, abin gidansu ne ta zuba maka tun kana zuwa zance, shi ne kuma ya juyo ya kama ta."

Gaskiya ne kakan innarku na ƙauyen Deule bai yi salla ba, shi ne mai yanka a gindin dutse kafin ruwan farko, yadda mutanen da ke yi. Amma ubanta da carbi a hannu ya mutu, ita kuwa ko a kwance da ido take salla. Ba wanda ya tuna da wannan. Abin da na ɗauka don in riƙe ta a ɗakinta, shi ne ya zama shaida a kanta, kowane bugun taɓarya sai a ce kun ji ko. Na kuma san yadda irin wannan magana take ƙarewa a ƙauye. Ba a duka, ba a zagi. Dattawa ke zama su ce a maida mace gidansu a yi mata magani, shi ke nan. Gidansu kuwa ba kowa a lokacin sai matar ubanta, tsohuwa makauniya da ita kanta jiran mai ba ta take yi. Kai innarku can daidai yake da kai ta ƙuryar ɗakin da majo ya faɗa.

Ana cikin haka sai ga Haruna, tsakiyar rani, lokacin da ba mai dawowa sai an yi mutuwa. Ya shigo da ƙura har gira, na ba shi tabarma, na dama hura na miƙa masa. Ya kafa kai bai ɗago ba sai da ya ga gindin ƙwarya. Ya yi gyatsa ya ce rabonsa da hura irin wannan tun ta innarmu, Allah ya yi wa Kulu albarka.

"Amin," na ce. "Amma ni na daka, Yaya."

Da ƙwaryar ya jefe ni. Ya ce a masaukin 'yan Adar na Abijan ba ya iya ɗaga kai, kowa ya sauka daga mota da labarin ƙanensa yake sauka, har yara na tambayarsa ko an sa mini ranar aure. Ya ce ubanmu bai haifi mace ba a ɗakin innarmu, ba kuma za a fara a kaina ba. Ya riga ya tsara kome tun a hanya: ranar kasuwa a sa innarku a sharet a kai ta Deule, ku biyu ku koma hannun matarsa, Auta a ba Kulu, ni kuwa in bi shi.

"Ba laifinka ba ne, Illa. Ba ka cikin hankalinka. Dubi yadda kake dariya ana maganar mutuncinka."

"Yaya, in na yi kuka hatsin zai daku?"

"Ka ji ko! Ka ji abin da nake faɗi!"

Duk wannan a tsakar gida, innarku tana ji ta bakin ƙofa. Haruna wana ne, shi ya riƙe ni bayan ubanmu, a gari maganarsa ta fi tawa nauyi nesa ba kusa ba. Ya kai magana gaban Liman da dattawa, anka kira ni ranar Juma'a da hantsi a gindin bedi, itacen dogon-yaro na ƙofar masallaci. Na tarar da tsofaffin gari duka a zaune, mata kuma sun ƙi hawa tudu, suna leƙe ta kan katanga. Liman, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai sanyin magana da ba ya son a zalunci kowa, amma shi ma ba ya iya tare gari da hannu ɗaya. Ya saurari Haruna har ya gama, sannan ya ce shi bai ga asiri da idonsa ba, bai kuma ga rashinsa ba. Abin da zai iya shi ne ya rubuta ayoyin karya sihiri ya wanke in sha. In akwai wani abu a jikina, da izinin Allah zai karye kafin rana ta sunkuya. In babu, ayar Allah ba ta cutar da kowa.

Na ce na yarda, amma da sharaɗi, a gaban kowa. In na sha, la'asar ta yi anka ji taɓarya a gidana, to ni ne Illa da hankalina, kowa ya cire bakinsa daga matata har abada. Haruna ya ce ya yarda, in kuma ba a ji ba, ranar kasuwa ta tafi. Anka shafa fatiha. Kafin Liman ya gama rubutu na leƙa gida, na ce wa innarku kar ta damu, ruwa ne zan sha in dawo. Ta kama bakin rigata da hannun hagu. Maganarta a lokacin sai an kasa kunne, kalma na fita da ƙyar.

"In ka sha... ka ji na fita ranka... kar ka ji kunyata. Amma kai ka kai ni Deule. Kar Yaya."

Na yi dariya na ce wa zai ba ta sharet kyauta. Amma da na juya baya, dariyar ta bushe a bakina. Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ni ma ɗan garin nan ne. Da abin da sunka yarda da shi anka yi renona, na ga mutanen da anka ce an yi musu, na ga waɗanda anka ce an karya musu. Ina tafiya masallaci sai tunani ya faɗo mini. Ranar da na fara ganinta a kasuwar Buza tana sayar da kuka da daddawa, ban san lokacin da na bi ta har bakin gari ba, na manta jakin da na ɗaure. Ranar da na fara zuwa Deule, hura ta ba ni da hannunta, na shanye tas. Tun daga ranar ban sake kallon wata mace ba, abokaina na ƙara aure ina yi musu rakiya. To in gaskiya ne fa? In abin nan da nake ji a ƙirjina ba nawa ba ne, zuba mini anka yi, kuma yanzu zan sha abin da zai wanke shi? Ba Haruna nake tsoro ba a lokacin, ba dattawa ba. Kaina nake tsoro. Ina tsoron mutumin da zai tashi daga gindin bedin nan, ya shiga gida ya dubi matar da ke kwance ya ga kaya ne kurum.

Liman ya miƙo ƙwarya, ruwan baƙi ƙirin. Na karɓa na tsaya ina kallon ruwan, na ga Haruna ya lura. Sai bakina ya cece ni yadda ya saba.

"Malam, wannan ai na yaro ne. A ƙaro, kar a ce ban ƙoshi ba shi ya sa bai kama ba."

Wani ya yi dariya ya haɗiye. Liman ya wanke wani allon ya ƙara, na yi bisimilla na shanye, na kife ƙwaryar. Bayan an sauko Juma'a ban koma gida ba, ban iya ba. Na gangara fadama, na wuce lambunan albasa, na zauna a inuwar wani gawo inda ba kowa. Na yi ta laluben zuciyata kamar mai taɓa haƙori da harshe ya ji ko yana ciwo. Na kira fuskarta, ta ƙi zuwa. Na tuna kasuwar Buza, na ji ba kome. Na tuna dariyarta ta rabin baki, na ji ba kome. Cikina fayau, sai ɗacin tawada a maƙogwaro. Na ce innalillahi, ya karye. Ashe gaskiyarsu ce. Na kifa kai a gwiwa ina son in yi kuka, kukan ma ya ƙi zuwa, wannan ya ƙara firgita ni. Yau na san tsoro ne ya daskarar da ni, tsoro in ya kai maƙura ba ya barin wurin wani abu. Amma a ranar ba wanda zai faɗa mini haka.

Inuwa ta miƙe, na ji kiran la'asar daga nesa. Na yi salla a nan kan yashi, ban san abin da na karanta ba. Na taso na nufi gari ƙafa na jan ƙafa, ba da niyyar daka ba, ba da niyyar ƙi ba. Tun daga bakin gari na ji abin da ban taɓa ji ba tunda anka haife ni: la'asar sakaliya, ba taɓarya ko ɗaya a garin. Kowace mace ta aje tata don kar a rikita da tawa. Awaki kaɗai ke kuka. Haruna na zaune a dakalin ƙofar gidana da dattawa biyu, ban dube su ba.

Na shiga. Innarku tana zaune a bakin ƙofar ɗaki, ta ja jiki da kanta tun daga gado, ga sawun jan a ƙasa. Ta lulluɓe kai. A gefenta ga ƙunshin kaya, zannuwanta ne da tasbaha da 'yar ƙwaryar da take sha da ita. Na dubi ƙullin. A karkace yake, gefe ɗaya ya jiƙe sharkaf, don da hannu ɗaya da haƙori ta ɗaure shi. Ba ta kira Kulu ba, ba ta so kowa ya gani. Ta shirya ne don kar in sha wahalar faɗa mata. Ba ta ɗago ta dube ni ba, hannunta na hagu yana dafe da ƙunshin.

Wallahi ɗiyana, ban san ta inda abin ya dawo ba. Kamar kwari ya kawo ruwa, haka ya taso mini daga ciki ya cika ni, tausayi da so da wani irin fushi da ban san wa zan yi wa ba.

"Ina zuwa haka da zanen da na saya?" na ce. "Aje mini kayana, ɓarauniya."

Ta ɗago. Na juya da sauri don kar ta ga idona. Na zuba hatsi a turmi, na yayyafa ruwa, na tofa a tafin hannu, na ɗaga taɓarya iya tsawona na sake ta. A cikin shirun nan ƙarar ta tafi har tudu. Na ƙara, na ƙara. Ina cikin yi sai na ji wata ta amsa ta bayan katanga, tana shiga tsakanin bugu na da bugu na, lugude sosai. Kulu ce, tana yi tana guɗa, tana ihu wai in ƙara ƙarfi, raggo, haka ake daka a gidan uban wa. Sai wata ta ɗauka can gabas, sai wata a bayan masallaci, kafin hatsina ya surfu gari duka ya kama. Ina daka hawaye na zuba cikin turmi, ban tsaya sharewa ba. Da na leƙa waje, dakali ba kowa.

Kar ku ɗauka a banza na sha. Haruna ya cika alkawari, bai sake ambaton Deule ba, amma ya koma Abijan bai yi mini sallama ba, kuma har ya bar duniya gaisuwa ce kurum tsakaninmu, bai sake shan ruwan gidana ba. Wannan yana ci mini rai har gobe, don ina son wana. Ban sake zuwa ci-rani ba, sa'o'ina sunka yi gidajen siminti ni ina cikin na laka. Shekaru da yawa in za a yi shawarar maza ba a aiko mini, ba a taɓa ba ni waliccin auren kowa ba. Ku biyu manya kun sha faɗa a lakwal, makarantar boko, saboda sunana, na ga kumburin ido ban tambaya ba don na san dalili. Amma innarku ta tashi. Ta yi tafiya da sanda, ta yi girki da hannun hagu, ta aurar da ku duka, ta goya jikoki. Hannun dama dai bai dawo ba, saboda haka daka ya zauna a wuyana har inji ya zo gari, kuma ba ranar da ba ta sami abin kushewa a garin da na tankaɗe ba.

A ciwonta na ƙarshe, wata safiya ina ba ta kunu a baki, na ga ta ɗan sami sauƙi, sai na ce bari in tsokane ta da tambayar da na haɗiye tun wancan rani.

"Yanzu dai mun tsufa, ba mai jin mu. Faɗa mini gaskiya, mi kinka zuba a hurar nan ta Deule?"

Ta dube ni. Sai gefen bakin nan mai rai ya ɗaga.

"Mai gida, da ina da maganin miji, ai da wanda ya iya daka na yi wa."

Munka yi dariya har kunun ya zube mana a tabarma. Ba ta kai Juma'a ba.

To kun ji amsar daga bakinta. Duk wanda ya sake raɗa muku maganar, ku maimaita masa ita yadda ta faɗa, kar ku yi fushi, kar ku sunkuyar da kai. Taɓaryar tana nan jingine a bayan rumbu, tsakiyarta ta yi sulɓi daidai inda hannuna ke kamawa. In na tafi, kar wanda ya sa ta a wuta.